Ku Tambaya Mu Amsa: Wace Rana Ta Fi Dacewa A Je Bikin Jiragen Sama Na Oshkosh?

Wasiƙun wannan karon yawancinsu a kan bikin jiragen sama na Oshkosh ne, wanda ƙungiyar EAA ta masu ƙera da tuƙa ƙananan jirage take shiryawa duk shekara a ƙarshen watan Yuli, a filin jirgi na Wittman da ke jihar Wiskonsin a Amurka. Ana buɗe shi ranar Litinin, a rufe ranar Lahadi. Ƙungiyar ta fara wannan taro ne a 1953 a Milwoki, ta mayar da shi Rockford a 1959, sannan ya yi zama a Oshkosh tun 1970. A 'yan shekarun nan jirage sama da 10,000 ke sauka a Oshkosh da filayen da ke kewaye da shi a cikin makon, masu shiga kallo kuwa sun haura 600,000. Ga tambayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina burin zuwa wannan biki, amma kwana uku kacal zan iya samu a wurin aiki. Waɗanne ranaku zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ɗauki Litinin, Talata da Laraba, ko kuma Talata, Laraba da Alhamis. Kowanne ka zaɓa, kada daren Laraba ya wuce ka.

Dalili shi ne, abu biyu ne ke gudana a Oshkosh a lokaci guda, kuma kowanne da lokacinsa. Na farko shi ne jiragen da mutane suka tuƙo da kansu suka ajiye a kan ciyawa: waɗanda aka ƙera a gida, tsofaffin jiragen shekarun 1930 da 1940, jiragen yaƙin duniya na biyu da aka gyara, da dubban ƙananan jiragen da masu su ke kwana a tanti a ƙarƙashin fukafukansu. Na biyu shi ne wasan sama da ake yi kowace rana daga wajen ƙarfe 2:30 na rana zuwa yamma. Na farkon yana cika ne tun kafin a buɗe, yana raguwa a hankali. Na biyun yana nan kullum, sai dai ya fi armashi zuwa ƙarshen mako.

Masu jirage suna fara sauka tun Alhamis da Juma'a kafin buɗewa, Asabar da Lahadi kuwa sai dai a ce ruwan jirage ake yi. Da safiyar Litinin fili ya cika maƙil. Yawancin waɗannan mutane ba su da hutun mako guda, kamar dai kai. Suna jiran wasan dare na Laraba, da an wayi gari Alhamis sai ka ji injina suna tashi tun da sassafe, layin jirage masu jiran tashi ya miƙe. Zuwa Asabar, layukan da ka gani a cike ranar Talata sun zama ciyawa da shaidar taya. Wanda ya zo Asabar zai ga wasan sama mai kyau, amma ba zai ga abin da ya bambanta Oshkosh da sauran bukukuwan jirage ba, wato ka tsaya gaban jirgin da mutum ya shafe shekaru yana haɗawa a garejinsa, yana zaune a kujera kusa da shi, ka tambaye shi yadda ya yi da murfin injin, ya buɗe ya nuna maka.

Wasan dare sau biyu ake yi, Laraba da Asabar. Jirage suna tashi bayan faɗuwar rana da fitilu a jikinsu, wasu da tartsatsin wuta yana zuba daga fukafukai, a rufe da wasan wuta. Mun fi son na Laraba saboda dalili ɗaya mai ƙarfi: idan hadari ya taso aka ɗage shi, akwai damar a maido shi daren Alhamis, kuma an taɓa yin hakan. Idan na Asabar ya lalace, shi ke nan, domin Lahadi da yamma an riga an watse. Wannan ne ma ya sa, idan aka matsa mana mu zaɓi ɗaya cikin biyun da muka ba ka, za mu ce Talata zuwa Alhamis. Ka rasa armashin ranar buɗewa, amma ka sami daren Alhamis a ajiye.

Abu ɗaya da ya kamata ka duba kafin ka sayi tikitin jirgi: manyan jiragen da ake ajiyewa a dandalin Boeing da ke tsakiyar fili ba sa yin mako cur. Wani ya zo Litinin ya tafi Laraba, wani sai Alhamis zai iso. Idan akwai wani jirgi na musamman da shi ne ya ja ka, nemi ranakunsa a jadawalin EAA. Na jiragen soja yakan canza a ƙurarren lokaci, domin aikin soja yana gaba da baje-koli.

Tambaya: Ni matuƙi ne, ina da lasisin tuƙa ƙaramin jirgi na Amurka. Ni da abokina muna so mu shiga Oshkosh da Cessna 172. Wace rana da wane lokaci ya fi sauƙin sauka?

Amsa: Kyaftin, tambayarka ta fi kowacce nauyi, domin kuskure a nan ba na asarar kuɗin tikiti ba ne.

Ranar da ta fi haɗari ga sabon shiga ita ce Lahadin da ke gaban buɗewa, sai Asabar ta biyo. A waɗannan ranaku ne kowa ke son isowa. A ƙarshen makon nan ne kuma ƙungiyoyin masu jirage iri ɗaya, kamar masu Bonanza, masu Cessna, masu Mooney da masu Cherokee, suke shigowa a jere cikin ayari, kuma a lokacin da aka ware wa ayari ana hana sauran jirage sauka a titin da aka ba ayarin. Abin da ke ɓata lamari shi ne yanayi. Idan gajimare ya sauko ƙasa ranar Juma'a da Asabar, duk waɗanda suka maƙale a filayen da ke kewaye sukan taso lokaci guda da zarar sama ta washe. Haka ta faru a 2018, matuƙa suka yi ta kewaye tafkuna suna jira, wasu man su ya yi ƙasa suka juya. Don haka shawararmu: ku iso Alhamis ko Juma'a kafin buɗewa da safe, ko kuwa ku bari sai Laraba ko Alhamis ta cikin mako, lokacin da masu tafiya suka bar gurabe. Isowa Litinin ko Talata yana da nasa cikas, domin wurin ajiye jirage da zangon kwana kan cika, a sanar cewa ba a karɓar sababbi, sai ku kama hanyar filin garin Fond du Lac ko na Appleton da ke kusa, ku shigo da mota.

Game da lokaci, ka riƙe abu biyu. Ana rufe filin ga masu sauka a duk tsawon wasan sama na rana, kuma ana rufe shi da dare daga ƙarfe 8. Saboda haka damar da kake da ita ita ce safiya zuwa tsakar rana, ko ɗan tsakanin da ke bayan wasan yamma. Na yamman muna hana sababbi: masu tashi da masu sauka sun haɗu, rana tana faɗuwa, idan titin sauka na 27 mai fuskantar yamma aka ba ka kuwa tana cikin idonka kai tsaye. Safiya ta fi, iska ba ta fara kaɗawa ba, hadarin bazara kuma yawanci da rana yake haɗuwa.

Hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka tana fitar da sanarwa ta musamman kan yadda ake shiga Oshkosh kowace shekara, shafuka wajen talatin. Ku buga ta a takarda, ku karanta ta ku biyu tun makonni kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ta bara ba ta wadatar ba, domin ana sauya mitar rediyo da wuraren shiga layi. Gundarin hanyar shi ne: ku saurari bayanin filin tun kuna nesa, ku shiga layi daga inda aka ce, ku biyo ta garin Ripon, sannan ku bi kan layin dogo zuwa ƙauyen Fisk. Tsayi ƙafa 1,800 daga matakin teku, gudu not 90, wato kusan kilomita 167 a awa. Jiragen da ba za su iya tafiya a hankali haka ba su ne ke hawa ƙafa 2,300 da gudun not 135, kuma 172 ba ya cikinsu. Tsakaninka da na gabanka rabin mil, jirgi ɗaya bayan ɗaya, ba gefe da gefe, ba wuce na gaba.

A Fisk akwai jami'an kula da zirga-zirga a ƙasa riƙe da tabarau mai hangen nesa. Ba za su kira ka da lambar jirgi ba, da launi da iri za su kira ka, su ce farin Cessna mai jan layi, kaɗa fukafukanka. Kai ba ka magana, fukafukan kawai za ka kaɗa sosai yadda za a gani. Daga nan su ba ka titin sauka da mitar rediyon hasumiyar filin. A kan titin an zana manyan ɗigo masu launi, misali lemo da kore a titin 27, kuma za a ce maka ka sauka a kan ɗaya daga ciki, domin ana iya saukar da jirgi fiye da ɗaya a titi guda a lokaci guda.

Ga inda ake samun matsala. Na farko, na gaba ya kasa riƙe not 90, na baya ya yi ta rage gudu don kada ya cim masa har jirginsa ya kusa daina ɗaukar iska. Maganin shi ne ka fice daga layi ka koma farko, ba ka yi ta lanƙwasa hagu da dama ba. Na biyu, kuma shi ya fi kisa: juyawar ƙarshe zuwa titi. An ce ka taƙaita zagaye, ka ɗan wuce saitin titi, sai ka ƙara karkata jirgi ka taka feda da ƙarfi kana ƙasa-ƙasa da gudu kaɗan. A nan jirgi ke kifewa, kuma babu tsayin da za a ceto shi. Idan saukar ba ta yi maka ba, ƙara wuta ka sake tashi, jami'an hasumiya za su sake saka ka a layi, ba wanda zai zarge ka. Na uku, mai. Ku tsaya a wani fili mai tazarar kamar awa guda ku cika tanki, ku shiga layin da man da zai ishe ku jira na awa biyu da kuma komawa wani filin. Kafin tafiya, ku fita ku yi atisayen tashi a not 90 da cikakken kaya, da sauka a kan wuri ɗaya da aka ƙayyade, har sai hannu ya saba. Ku raba aiki: ɗaya yana tuƙi, ɗaya idonsa a waje yana kuma riƙe da sanarwar.

Bayan sauka za a ce ku fita zuwa kan ciyawa nan take. Ku ɗaga takardar da kuka rubuta da manyan haruffa baƙaƙe, GAC idan za ku kwana kusa da jirgi, GAP idan ajiyewa kawai za ku yi, masu tuta su nuna muku hanya. Ku taho da turaku da igiyoyin ɗaure jirgi na kanku, wajibi ne, kuma ku zaɓi masu kama ƙasa sosai. Ku haɗa da 'yan allunan katako da za ku sa ƙarƙashin tayoyi, domin idan an yi ruwa jirgi yakan nutse a laka.

Tambaya: Ni da maigidana da yara uku za mu je, babban shekararsa 14, ƙaramar 6. An ce mana Asabar ce ranar da ta fi kowacce. Haka ne?

Amsa: Hajiya, Asabar ta fi kowacce ƙara da cunkoso, wannan gaskiya ne. Mutanen jihar da ke aiki a cikin mako ranar suke fitowa, layin shiga, layin abinci da layin motocin da ke zagayawa da mutane cikin fili duk sun yi tsawo. Idan a shekarar akwai tawagar jiragen soja masu wasa a jere, yawanci Juma'a zuwa Lahadi suke yi. Thunderbirds na sojan saman Amurka sun yi a 2014, Snowbirds na Kanada a 2016, Blue Angels na sojan ruwa a 2017. Ba kowace shekara ake samun irinsu ba, don haka ku duba kafin ku ɗora tafiyarku a kansu.

Da yarinya 'yar shekara 6, mu Alhamis da Juma'a za mu zaɓa. Jama'a ba su kai na Asabar ba, wasan sama ya kankama, wurin yara da ake kira KidVenture, kusa da gidan tarihin EAA, yana buɗe, inda ake koya musu ƙananan ayyukan hannu na jirgi. Tun 2021 yara 'yan shekara 18 zuwa ƙasa kyauta suke shiga, da tallafin kamfanin Boeing, amma ku tabbatar da hakan a shekarar da za ku je.

Ku tsara yinin haka: fita da sassafe, yawo cikin jirage kafin rana ta take, hutawa a inuwa da azahar, sannan wasan sama. Bakin layin kallo ba inuwa, don haka hula, ruwa da abin zama dole ne. Abin toshe kunne na yara ya fi komai muhimmanci, irin mai rufe kunne duka, domin ƙarar jirgin yaƙi idan ya kunna wutar baya tana iya firgita ƙaramin yaro ya ƙi sauran yinin. Idan kuna son wasan dare na Asabar, ku sani sai wajen ƙarfe 10 ake gamawa, fita da mota kuma yakan ci lokaci mai tsawo. Ku bar yara su yi barcin rana a masauki, ku shigo da la'asar. Ku kuma ja musu kunne tun daga gida: ba a taɓa jirgin mutum sai da izininsa, ba a kuma kusantar farfela ko da injin a kashe yake.

Tambaya: Ni ba kallo ne ya dame ni ba. Ina so in koyi haɗa jirgi, in kuma sayi wasu na'urori. Farkon mako ko ƙarshe?

Amsa: Farkon mako, ɗan'uwa, ba tantama. Kamfanoni suna sanar da sababbin kayansu Litinin da Talata, kuma a ranakun ne injiniyoyi da masu kamfanin da kansu suke tsaye a rumfuna. Zuwa ƙarshen mako da yawansu sun koma, sai 'yan talla suka rage, waɗanda ba lallai su iya amsa maka tambayar wayoyi ko nauyi ba. A kasuwar tsofaffin kayan jirgi ma, mai kyau da wuri yake tafiya.

Azuzuwan aikin hannu, wato buga ƙusoshin ribit a falankin alminiyom, lulluɓe firam da yadi, walda, aikin katako da na fayiba, ana maimaita su kusan kullum, safe da rana. Ka je na safe, ka isa da wuri, domin gurbi kaɗan ne. Laccoci kuwa ɗaruruwa ne, da yawa a lokaci guda, wasu kuma sau ɗaya tak ake yin su. Ka zauna da jadawali tun a gida, ka fitar da guda biyar ko shida da ba za ka iya rasawa ba, ka ga ranakun da suka faɗa, su ne za su tsayar maka da ranar tafiya. Ka lura da nisa: filin yana da girman da laccar da ta ƙare a wannan gefe ba za ta bar ka ka kai wadda ke farawa nan take a wancan gefen ba.

Ranar Lahadi wasu 'yan kasuwa kan sassauta farashi don kada su koma da kaya, kuma da rashin tayi akan bar arha. Amma wannan ya fi shafar ƙananan kaya, littattafai da riguna. Na'urori masu tsada rangwamensu na makon gaba ɗaya ne.

Tambaya: Yaya batun masauki da ruwan sama? Akwai ranakun da suka fi sauƙi?

Amsa: Otal-otal na Oshkosh ana kama su tun shekara guda kafin biki, farashinsu ya ninka, da yawa kuma ba sa ba da ɗaki sai na kwanaki da dama a jere. Mafita uku ce: ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Wiskonsin reshen Oshkosh, waɗanda bas ke haɗa su da fili, gidajen mutanen gari da suke bayarwa haya, ko garuruwan Appleton da Fond du Lac, kowanne kusan rabin awa a mota. A ɗakunan jami'a ka tambaya ko naka yana da na'urar sanyaya ɗaki, domin ba duka ke da ita ba. Daga Alhamis gurabe sukan ɗan samu. Zangon Camp Scholler na masu tanti ne da motocin kwana, sai ɗan ƙungiyar EAA ke kama wuri, kuma wanda ya zo a makare yakan sami wuri can nesa da ƙofa.

Yanayi kuwa ba ranar da za a ce ta tsira. Ƙarshen Yuli a Wiskonsin lokacin zafi ne da gumi, ana iya haura digiri 30, hadari mai iska yana iya tasowa kowace yamma. A 2010 ruwan da aka yi kafin buɗewa ya jiƙa fili har aka kasa ajiye jirage da motoci a kan ciyawa na 'yan kwanaki. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne kada ka yi doguwar tafiya don yini ɗaya. Idan daga wata nahiya za ka taso, ka sauka Shikago ko Milwoki kwana biyu kafin ranarka ta farko, jiki ya saba da bambancin lokaci. Daga Shikago tafiyar kusan awa uku ce a mota, daga Milwoki awa ɗaya da rabi.

Tambaya: Lahadin rufewa kaɗai nake da ita. In je?

Amsa: Idan kana kusa, je. Za ka ga wasan sama, wanda ake farawa da wuri a ranar, ka ziyarci gidan tarihi, jama'a kuma sun ragu. Amma idan sai ka hau jirgi ko ka yi tuƙin yini guda, ka haƙura ka tara kuɗin zuwa baɗi. Yawancin jirage sun tafi, rumfuna ana naɗe su tun da rana.

Tambaya: Yuli ba zai yiwu mini ba sam. Akwai makamancinsa a wani lokaci?

Amsa: Akwai Sun 'n Fun a filin jirgi na Lakeland Linder da ke jihar Fulorida, wanda ake yi a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, daga Talata zuwa Lahadi. Bai kai Oshkosh girma ba, wanda hakan ma sauƙi ne ga mai kwana biyu, domin zai iya zagaye shi. Tsarin ranakun kusan ɗaya ne: farkon mako na matuƙa da masu sayen kaya, ƙarshen mako na jama'ar gari da tawagar jiragen soja. Shi ma yana da tasa sanarwar ta FAA, hanyar shigarsa ta kan tafkin Parker take bi, da nata tsayi da gudu, don haka kada matuƙi ya ɗauki lambobin Fisk ya kai can. Batun ɗaure jirgi ma haka yake: a ranar 31 ga Maris 2011 guguwa ta afka wa filin ana tsakiyar biki, ta lalata jirage da dama da ke ajiye.

Kada a haɗa waɗannan biyun da baje-kolin Paris na Le Bourget, da ake yi a watan Yuni na shekarun mara, ko na Farnborough a Ingila, a watan Yuli na shekarun cika. Waɗancan kasuwar manyan kamfanoni ce. A Paris, Litinin zuwa Alhamis na 'yan kasuwa ne da masu katin sana'a, sai Juma'a zuwa Lahadi ake buɗe wa kowa, don haka mai tikitin gama-gari da ya isa ranar Talata a bakin ƙofa zai tsaya.